Wasan da Baba Ya Bari a Buɗe

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin hanya bai cinye ka ba. Mu nan lafiya muke. Umma tana shan maganin hawan jininta kan lokaci, ni nake miƙa mata shi da safe. Ƙafarta ta hagu tana ɗan kumbura idan ta daɗe a zaune, amma likita ya ce ba abin tsoro ba ne. Tana cin abinci, ba da yawa ba. Na aiko wannan ta hannun direban kamfaninku saboda wayarka sai ka hau tudu take shiga, maganar kuma tana da tsawo.

Na samu aiki, amma da sharaɗi. Wani kamfani ne da ke mayar da tsofaffin katunan marasa lafiya cikin kwamfuta. A gida zan riƙa yi. Sharaɗin shi ne in mallaki kwamfuta tawa, saboda bayanan sirrin mutane ne, ba a yarda a buɗe su a shago ko a na'urar aro ba. Shugabar sashen ta ba ni zuwa ƙarshen wata in nuna mata manhajarsu tana aiki a wajena. In ban nuna ba, akwai masu jira a bayana.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan nan, laftof ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Manhajar kamfanin ba ta hawa kan tsohon tsarin da ke cikinta, sai sabo. Sabon tsarin kuma ba zai zauna ba sai an ƙara mata ram. Ram shi ne inda kwamfuta ke riƙe abin da take yi a yanzu, kamar saman teburin aiki. Rumbu kuma shi ne wajen ajiya, kamar durowa. Hotunan Baba da takardun fanshonsa duk a rumbu suke. Zan kwafe su gefe kafin in kwance komai, babu ko ɗaya da zai ɓace.

Sauran bayanin yana cikin takarda ta biyu, gaba da baya.

Takarda ta biyu. Na buɗe ƙaramin murfin da ke ƙasan kwamfutar na duba da ido, ban cire komai ba. Gurbin ram biyu ne, kowane da giga ɗaya a ciki, giga shi ne ma'aunin girmansa. Sabon tsarin yana neman aƙalla giga huɗu, don haka ina buƙatar guda biyu masu giga bibbiyu. Gajeru na laftof, ba dogaye na kwamfutar tebur ba. Tsagar da ke tsakanin haƙoransa ta zo daidai inda na zana a ƙasa, in ta kauce ba zai shiga ba. Na kwafo lambar da ke jikin tsohon harafi bayan harafi. Ka nuna wa mai kula da kwamfutocin kamfaninku, wanda ka ce yana da tarin matattun laftof a sito. A nan na zagaya shaguna, sun ce an daina kawo irinsa. Juya baya.

Bayan takarda. Wannan ita ce ainihin maganar, na bar ta ƙarshe don ka fara samun bayanan da za su sa ka gane ta.

Baba bai kashe kwamfutar ba ranar da aka kai shi asibiti. Murfin kawai ya rufe. Idan an rufe ta haka sai ta shiga dogon barci, in an buɗe ta farka daidai inda aka bar ta. Abin da ya bari a buɗe shi ne wasan kartan nan nasa, wanda Umma ke yi masa tsiya a kai, wai karta da furfura. Bai gama ba. A ƙasan allon akwai ɗan agogo mai ƙirga daƙiƙun wasan. In an buɗe murfi ya ci gaba, in an rufe ya tsaya.

Kai ka koma aiki da wuri bayan rasuwar, ba ka ga wannan ba. Kullum da safe, in ta sha magani, Umma takan jona waya, ta buɗe murfin, ta zauna a kujerarsa tana kallon agogon yana tafiya. Ba ta taɓa madannai. In shayinta ya huce sai ta rufe. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba.

Wasan ba fayil ba ne da zan iya kwafewa. Tsoho ne, ba shi da wajen ajiyewa. Ranar da na canza ram, kwamfutar ba za ta iya farkawa daga wancan barcin ba, sabon tashi za ta yi. Sabon tsarin kuma zai share sauran. Wato wasan zai tafi, agogon ma.

Don Allah ka kira Umma ka faɗa mata wannan. Maganarka ta fi shigarta. Ni da na fara bayani sai ta ce na fara karatu.

Ƙanwarka,
Auta

Auta Sikeli,

Ina gaisuwa. Lafiya lau nake, ban da bayana da ke ciwo saboda katifar sansani, wadda ina kyautata zaton da ragowar tsakuwar aiki aka cika ta. Ki gai da Umma, ki ce na ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Barka da arziki! Ashe karatun nan zai yi rana. Da Baba na nan da sai unguwa ta gaji da jin labari. Shi ya raɗa miki Sikeli don kina auna magana kafin ki sauke ta, to ga shi an samu masu biyan mutum don ya auna.

Wasiƙarki ta same ni ina shirin fita da motar kwalta. Na karanta takarda ta farko a tsaye. Da na ga ta biyu ta fara da giga da haƙora da zane, na ce wannan ba abincina ba ne, na miƙa wa mutumin kwamfuta yadda take. Ya ce a gaya miki zanenki ya fi na injiniyanmu kyau. Ya ciro guda biyu daga wata laftof da babbar mota ta taka, ya gwada, ya ce suna da rai. Ga su nan wajen direba.

Na kuma hau tudu na kira Umma, tunda na san halinki, sai ki yi mako kina zagaye kafin ki tambaye ta. Na ce mata Auta za ta ɗan yi wa kwamfutar Baba aiki, kuma ta rubuto da hannunta cewa babu ko ɗaya da zai ɓace. Ta tambaye ni sau biyu, na ce wallahi haka kika rubuta, kuma ke ba kya faɗin abin da ba ki auna ba. Ta ce to shi ke nan. Kin ga na share miki hanya, aikina ke nan dama.

Ki kwance, ki ɗaura, ki fara aiki. Albashin farko ina da kaso.

Yayanki

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, Allah ya sawwaƙe ciwon bayan. Umma lafiya, kumburin ya ragu. Ta karɓi saƙon matashin, ta ce wai yaushe ka zama likita.

Ram ya iso. Na gwada shi da zanen, tsagar ta zo daidai, lambar ma ta dace. Ka yi wa mutumin godiya.

Cikin takardata ta biyu ya naɗo su. Na warware sai ga rubutuna, an ɗaure shi da roba. Wato ba ka juya bayanta ba, shi ma ba na jin ya juya. Na mayar maka da ita cikin wannan ambulan. Ka karanta bayan kafin ka ci gaba da wannan.

Yanzu ka gane. Abin da na rubuta shi ne hotuna da takardu ba za su ɓace ba, kuma gaskiya ne. Abin da Umma ta ji daga bakinka shi ne babu abin da zai ɓace. Ba ɗaya ba ne. Ban ce laifinka ne ba. Ni na sa babbar magana a bayan zane.

Jiya da safe, bayan ta rufe murfin, ta turo mini kwamfutar a kan tebur ta ce, "Ga ta, yi aikinki. Yayanki ya ce yadda na bar ta haka zan same ta." Ta shafa murfin da gefen mayafinta ta tashi. Sukudireba tana cikin aljihuna a lokacin. Aikin bai fi a kwance sukuru biyu ba, a buɗe 'yan maƙalai, a zare tsoho a tura sabo a karkace har ya yi ƙas. Na zauna ina kallon ta har rana ta bar tagar. Daga baya na mayar da ita inda take zama, na jona mata waya.

Izinin da ta ba ni ba na abin da zan yi ba ne. Ba zan yi aiki da shi ba.

Zan faɗa maka wani abu don ka san da wa kake magana. Ni in na kalli allon nan ba na jin komai. Kore ne, da kati jere, da lambobi suna canzawa. Tun ranar asibiti haka nake, ina yin abin da ya kamata a kan lokacinsa, kamar mai cika fom ɗin wani. Shi ya sa ba na son in zama mai yanke hukunci. Wanda bai ji nauyin kaya ba bai kamata ya ce a yar da shi ba.

Ka sake hawa tudun, ka gyara maganar. Rabin watan ya wuce.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba bai zo ba, na je ofishinku na cikin gari sun ce ruwa ya cinye gadar wucin gadi, motoci ba sa wucewa, amma babu wanda ya ji rauni. Na kira wayarka ba adadi, ba ta shiga. Zan bar wannan a ofishin, duk ranar da hanya ta buɗe ta same ka. Umma lafiya ta jiki. Ni ma.

Shugabar sashen ta kira. Tana da kirki, amma ta ce ba ita ke riƙe da kalanda ba. Na ce mata kayan sun iso. Ta ce to me ake jira? Na ce wani abu ne na gida. Ta ce ranar ƙarshe dai tana nan inda take.

Na je wajen mai gyara na bakin kasuwa, ba da kwamfutar ba, da tambaya kawai. Ya tabbatar da abin da na sani. Ya ƙara da cewa akwai hanya ɗaya: a cire tsohon rumbu da tsohon ram a adana su tare, a sa wani rumbun. Wata rana in an mayar da su yadda suke, mai yiwuwa wasan ya farka. Na ce mai yiwuwa ko tabbas? Ya ce, "Hajiya, tabbas ai sai Allah, ni gyara nake yi." Yana da wani rumbu na hannu da zai iya ba ni.

Da na ga ba za ka samu kira ba, na faɗa mata da kaina. Da safe ne, allon yana buɗe. Na yi ƙoƙari kada in yi karatu. Na ce, "Umma, abin da Yaya ya faɗa miki bai cika ba. Hotuna za su tsira. Wannan da kike kallo ba zai tsira ba."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Agogon fa?"

Na ce shi ma.

Na nuna mata hoton allon da na ɗauka da wayata, ya fito tas, ana ganin kowane kati. Ta karɓa ta duba, ta jira kaɗan, ta miƙo mini. Ta ce, "Wannan ai a tsaye yake."

Sai na kawo maganar mai gyara. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Wato a ƙulle shi a leda a sa a durowa." Na ce eh, kusan haka. Ta ce, "In na tashi da safe ledar zan buɗe?" Gaskiyarta ce.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta rufe murfin tun shayin bai huce ba, ta zare wayar daga bango, ta naɗe ta a hannu yadda Baba ke yi, ta kai kwamfutar ɗakinta. Yanzu a can take buɗewa. Ina jiyo ƙarar fankar kwamfutar ta cikin bango, ka san yadda take gurnani kamar tsohon firji. Muna gaisawa, ina miƙa mata magani, tana cewa sannu. Ba ta ce kada in yi ba. Ba ta ce in yi ba.

Ram ɗin yana cikin kofin da ba a shan komai da shi, a saman kabad. Na fara rubuta wa shugabar sashen saƙon haƙuri, ban aika ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Lafiya nake. An gyara gadar, wasiƙunki biyu suka zo mini tare. Na karanta bayan takardar. Na zauna na karanta, ba a tsaye ba.

Na rantse wa Umma da Allah a kan abin da ban karanta ba. Na hau tudu da niyyar kiranta, na tsaya da waya a hannu har wani lebura ya tambaye ni ko sabis nake jira ko ruwan sama. Na sauko ban kira ba. Me zan ce mata da ba ki riga kin faɗa ba, kuma fiye da yadda zan iya?

Da farko na ji haushinki. Na ga inda kika ce ba kya jin komai, na ce a raina yarinyar nan dutse ce, ana maganar Baba tana maganar sukuru. Har na fara rubuta miki haka. Sai na tuna mai dutse a ƙirji da tuni ta kwance ta ɗaura ranar da aka turo mata kwamfutar, ta ce ai Yaya ne ya faɗa. Na yaga waccan.

Ba zan ce ki bar aikin ba, ba zan ce ki ƙwace daga hannun Umma ba. Amma akwai abin da na sani wanda ke ba ki sani ba, don kina makaranta lokacin da na yi jinyar ƙafata a gida, muna zama da shi a teburin nan kullum.

Baba ba ya tashi daga wasa in yana ci. Ko Umma ta kira shi sau goma sai ya ce ga shi nan. Abu ɗaya ke sa ya rufe murfin nan da wasa a buɗe: in an cinye shi. Ba ya iya danna sabon wasa a ranar, wai kamar ya amsa an fi shi ne. Sai ya rufe ya ce, "Bari ta huce." Kamar kwamfutar ce ta yi fushi. Washegari ya buɗe, ya harare ta, ya ja tsaki, ya rufe wasan ya fara wani, yana cewa jiya ma dai kati ne ba su zo daidai ba.

Ke da Umma kuna kallon agogo. Akwai wadda ta kalli katin? Ki duba, ke ce Sikeli. Ja yana hawa kan baƙi, baƙi kan ja, ƙarami kan wanda ya fi shi da ɗaya. Ina ganin ba wasan da ya katse ba ne. Ina ganin ya ƙare tun yana nan, cewa ne kawai bai yi ba.

In na yi kuskure, ki faɗa mini. Na san ma za ki faɗa.

Yayanki

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Umma lafiya, jiya har ta taka zuwa kanti da ƙafarta. Ni ma lafiya. Wasiƙarka ta zo ana gobe wa'adin zai cika. Zan ba ka labari yadda ya faru, bi da bi.

Na fara da hoton da ke wayata. Tarin katin da ake ja daga sama ya ƙare, babu saura, don haka ana iya gane komai da ido ba tare da an taɓa ba. Na bi layukan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na sake bi daga ɗaya gefen.

Ka yi kuskure, Yaya. Akwai sauran motsi ɗaya. Shida baƙi a layin ƙarshe na dama, bakwai ja a layi na biyu. Baba bai gani ba. Gefen dama na allon ya dusashe, ka san kuma yadda idonsa ya koma.

Na daɗe a zaune da wannan. Da na ce mata wasan ya ƙare, da ta yarda, don ba ta san kati ba. Amma an riga an ba ta magana ɗaya da ba ta cika ba a kan kwamfutar nan.

Da safe na kai mata magani, na ce ko zan iya zama. Ta matsa mini a bakin gado. Kwamfutar tana kan ƙaramin teburinta, agogon yana tafiya. Na karanta mata wasiƙarka daga inda ka ce Baba ba ya tashi in yana ci. Da na zo "bari ta huce" sai ta yi wani sauti ta hanci. Ta ce, "Haka yake ce mini ni ma."

Ta ce, "To cinye shi aka yi?"

Na ce, "Shi ya ɗauka haka. Amma akwai kati ɗaya da bai gani ba." Na nuna mata da yatsa, ban taɓa allon ba.

Ta matso da fuskarta. Ta ce, "Wannan? Ga shi ƙuru-ƙuru. Na ce masa ya canza gilashin idon nan, ya ce lafiyarsa ƙalau." Sannan ta ce, "In an ɗora shi, zai ci?"

Na ce ban sani ba. Akwai kati a kife a ƙarƙashinsa, sai an ɗaga za a gani.

Ta ce, "Yaya ake yi?"

Na riƙe mata yatsa a kan ɗan faifan da ke gaban madannai, wanda ake jan yatsa a kai. Sau biyu katin yana kuɓuce mata yana komawa wajensa, ta ce, "Kai, har da gardama irin ta mai shi." A na uku ya zauna. Ta danna na kifen ya buɗe. Tara ja ne. Na duba ko'ina. Babu goma baƙi a buɗe, babu takwas baƙi da zai hau kansa, babu gurbi. Na sake dubawa don kada in yi irin ta Baba.

Na ce, "Umma, ya tsaya. Yanzu babu sauran komai."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce wannan na tabbata.

Ta ce, "Wato ko ya gani ma an ci shi." Na ce eh. Ta jingina da bango ta ce, "To da wa ya isa ya gaya masa."

Mun zauna agogon yana ta ƙirga. Shayinta ya huce, ba ta rufe murfin ba. Can ta tambaye ni me ka ce yana yi washegari. Na ce yakan harare ta, ya ja tsaki, ya rufe wasan. Ta ce, "Harara da tsaki na iya. Nuna mini na ukun." Na nuna mata ɗan akwatin da ke kusurwar sama. Ta ja tsakin, ba mai ƙarfi ba, ta danna. Koren ya tafi. A bayansa ashe hoton tsohuwar motarsa ne, wadda ya sayar tun ina firamare. Ta ce, "Ji wani abin kuma." Ta tashi ta ɗauki kofinta. Daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗauki, kada ki makara."

Ka ga ke nan ka yi kuskure, kuma ka yi daidai.

Sauran aiki ne. Na kwafe hotuna da takardu, na buɗe su a wayata na tabbatar sun kwafu. Na kashe ta, na zare waya, na cire batir, na taɓa ƙarfen taga don in sauke wutar jikina. Na kwance murfin, na zare tsofaffin, na tura sababbin har suka yi ƙas. Da na kunna ta nuna giga huɗu. Sabon tsarin ya ɗauki yinin kafin ya zauna. Manhajar kamfanin ta hau, tana jan ƙafa amma tana yi. Na aika wa shugabar sashen hoton allon kafin a tashi aiki. Ta amsa da kalma ɗaya, madalla. Na fara ranar Litinin.

Abu ɗaya ban gane ba. Da na zo mayar da sukuru na ƙarshe, na kasa riƙe shi. Ya faɗi ƙasa, na ɗauko, ya sake faɗuwa. Ban yi kuka ba, kada ka ƙara wa labarin gishiri. Na dai ajiye sukudireba na zauna, sai can na iya ɗaura shi.

Da yamma Umma ta ga tsofaffin ram ɗin a kan tebur. Ta ɗauki ɗaya tana juya shi a haske. Ta ce, "A nan ciki yake?" Na ce a'a, ram ba ya riƙe komai in wuta ta bar shi, fanko ne. Ta ce, "Na sani, ai kin yi karatun a gabana." Ta kwashe su biyun ta sa cikin gidan gilashin idon Baba, ta rufe.

Yanzu kwamfutar ta dawo teburin falo. Ina fara aiki da ta sha magani. Takan zo da shayinta ta zauna a kujerar gefe, tunda ni ce a tasa. Na gaya mata bayanan sirri ne, ba a yarda wani ya karanta ba. Ta ce ita ba karatu ta zo yi ba. Tana zama ta gefen da ba a ganin allon, tana jin fankar. Fankar ban canza ta ba, gurnaninta na nan. In shayin ya huce sai ta tashi.

Ka hau tudu ka kira ta. Ba sai ka gyara komai ba, ka tambaye ta ƙafa kawai. Wannan wasiƙar ba ta da baya, na duba maka.

Ƙanwarka,
Auta